Kafin tsohuwar na'ura ta tafi gwanjo, a wanke cikinta

Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, wato mutumin kirki yana iya riƙe asiri har ya tafi da shi kushewa ba wanda ya ji. To amma a wannan zamani an samu wani ciki da ya fi na kowane dattijo ɗaukar magana, sai dai bai san amana ba. Shi ne cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ma'aikata suka fi sani da ordinater. Duk abin da aka zuba mata tana riƙewa, kuma duk wanda ya iya tambayarta za ta faɗa masa, ko maigidanta ne, ko ɓarawo, ko wanda ya saye ta a gwanjo bayan shekara goma.

Maganar ta shafi kowane gari na ƙasar nan, amma ta fi nauyi a wuri irin Abala. Garin, da ke arewa da Filinge cikin kwarin Dallol Bosso, ya zama hedikwatar gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011, bayan ya daɗe ƙarƙashin Filinge. Sabuwar gunduma kuwa sabbin ofisoshi take jawowa: na kantoma, na ilimi, na kiwon lafiya, na noma da kiwo. A shekarar 2012 yaƙi ya ɓarke a arewacin Mali, dubban ƴan gudun hijira daga yankin Menaka da Anderambukan suka kwararo, aka kafa musu sansani a Abala. Ƙungiyoyin agaji suka biyo baya da motocinsu da na'urorinsu, kowace ta buɗe rajista: sunan maigida, yawan iyalinsa, garin da ya baro, lambar salularsa, buhun hatsin da ya karɓa, cutar da ta kai matarsa likita.

Kowane furoje yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan ya ƙare, akan bar wa wata ma'aikata teburan da na'urorin kyauta, wasu a yi gwanjonsu, wasu kuma su bi ma'aikaci gida, daga baya ya sayar wa mai gyara a Filinge ko a Yamai. Na'urar da aka saya a 2012 ta tsufa tuni. Ga shi kuma tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, lamarin da ya sa ofisoshi da yawa a duniya suke sauya tsofaffin na'urorinsu. Ke nan kayan hannu na ƙara yawa, masu shigowa daga Turai da masu fitowa daga ofisoshin gida.

A garin da ke zaman lafiya, asirin da ya fita kunya ce ko asarar kuɗi. A Abala abin ya wuce nan. A watan Maris na 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a gundumar, kuma a ranar 31 ga Mayu na wannan shekara aka kai hari garin, jami'an tsaro 6 suka rasu. An sani cewa a yankunan kan iyakar Mali masu ɗauke da makamai sun sha tilasta wa makiyaya biyan dabbobi da sunan zakka, sun kuma sha farautar masu gari, malaman makaranta da duk wanda suka zarga da kai rahoto ga hukuma. Mai karatu ya auna abin da takarda ɗaya za ta iya haifarwa idan ta faɗa hannun irin waɗannan mutane: jerin makiyaya da yawan shanun da aka yi wa kowannensu allura, ko jerin waɗanda suka halarci taro da kantoma, ko littafin dillalin da ke nuna wanda ya sayar da bijimai nawa, da ranar da zai dawo da kuɗin a aljihu.

Sharewa ba wankewa ba ce

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zaci cewa idan aka danna «supprimer», aka zubar da kwandon shara, magana ta ƙare. Kowane ɗan kasuwa zai gane dalilin da ya sa ba haka ba ne idan ya tuna da littafin bashinsa. A shafin farko ya jera sunaye da lambar shafin kowa. A ciki kuma ga lissafin dalla-dalla. Idan ya soke suna a shafin farko, bashin na nan a shafi na 40 yadda aka rubuta shi, har ranar da zai shafe wurin ya rubuta wani abu a kai. Haka faifan ajiya yake, wanda masu gyara ke kira diski dur. Abin da na'ura ke yi idan aka ce ta share dosiye shi ne ta soke sunansa daga jerin farko, ta ɗauka cewa wurin fili ne. Rubutun kansa yana nan, wata da watanni, wani lokaci shekaru.

Haka nan abin da ake kira formatar faifai, idan aka zaɓi mai sauri. Wannan tamkar yage shafin farko ne gaba ɗaya a liƙa sabo fari. Sake zuba Windows a kai ma rufe wani sashe kaɗai yake yi, ya bar saura. Kuma tono abin da ya saura ba ya bukatar wani babban ilimi. Akwai manhajoji na kyauta, irin su PhotoRec da wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya rubuta, waɗanda aka yi domin ceton wanda ya share hotunansa bisa kuskure. Yaron shagon gyara yana iya aiki da su cikin yini ɗaya. Manhajar da ke ceton mai kuskure ita ce ke buɗe wa mai mugun nufi ƙofa.

Gani ya kori ji. A shekarar 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun sayi tsofaffin faifai 158 a kasuwa. 129 na aiki. Amma 12 kaɗai aka wanke yadda ya kamata. A cikin sauran sun tono lambobin katin banki fiye da 5000, da bayanan marasa lafiya, da wasiƙun mutane. A 2006 gidan talabijin na BBC ya nuna yadda ake sayar da faifan da suka fito daga Ingila a kasuwannin Legas, da bayanan asusun bankin masu su na farko a ciki. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada suka sayi faifai a ƙasar Gana kan dalar Amurka 40, suka tarar da takardun kwangila tsakanin gwamnatin Amurka da kamfanin ƙera makamai na Northrop Grumman. A 2022 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta ci tarar bankin Morgan Stanley dala miliyan 35 saboda sakaci wajen zubar da tsofaffin faifai masu ɗauke da bayanan abokan cinikinsa.

Labarin da ya fi kusa da halin Abala shi ne na 2022 ɗin dai. Wani mai bincike Bajamushe na ƙungiyar Chaos Computer Club ya sayi wata tsohuwar na'urar sojan Amurka ta ɗaukar zanen yatsa, a kasuwar intanet, kan dala 68. Da ya buɗe ta, sai ga sunaye, hotuna, zanen yatsu da hoton ƙwayar idon mutum 2632, akasarinsu ƴan Afganistan da Iraƙi, har da waɗanda suka yi aiki da sojan. Idan manyan da ke da kuɗi da injiniyoyi sun yi wannan tuntuɓe, ƙaramin ofis da ke nesa da Yamai bai kamata ya ɗauka cewa ya fi ƙarfinsa ba.

Mai daɓe sai ya fita ɗaki

Wankewa ta gaskiya hanya ɗaya ce: a rubuta wani abu a kan kowane gurbi na faifan, daga farko har ƙarshe, ko sifiri ne zalla, ko lambobi barkatai marasa ma'ana. Idan aka rufe kowane shafi na littafin bashi da tawada, babu sauran abin karantawa.

Sai dai akwai matsala. Windows, wato tsarin da ke tuƙa na'urar, a kan wannan faifan yake zaune. Mace ba ta daɓe wurin da take zaune a kai. Sai ta fitar da kaya, ta riƙa ja da baya har ta fita ta bakin ƙofa. Haka Windows ba zai iya shafe faifan da yake aiki daga cikinsa gaba ɗaya ba, domin kafin ya kai rabi ya shafe ƙafafunsa. Dabarar da masana suka samo ita ce a tayar da na'urar da wani matuƙi na daban, ɗan ƙarami, wanda ke zaune a kan kile USB. Idan aka kunna na'urar, maimakon ta nufi faifanta na ciki, sai ta ɗauki umarni daga kilen. A wannan lokaci Windows na barci, faifan ya zama tamkar allo a hannun mai wanki. Ba a bukatar kalmar sirrin tsohon ma'aikacin da ya tafi, ba a kuma damu ba ko Windows ɗin ya lalace ko ƙwayar cuta ta cinye shi.

Shekaru da yawa sunan da ya yi fice a wannan aiki shi ne DBAN, wanda Darik Horn ya ƙirƙira bisa tsarin Linux. Wani kamfani mai suna Blancco ya saye shi a 2012, kuma tun 2015 ba a sake sabunta shi ba, saboda haka yakan kasa tashi a na'urorin baya-bayan nan. Daga cikinsa aka fitar da wata manhaja mai suna nwipe, aka ɗora ta a kan wani ɗan ƙaramin tsari mai suna ShredOS, wanda kyauta ne kuma yana tashi a tsofaffin na'urori da sababbi. Sau ɗaya ake bukatar intanet, ranar sauko da shi. Daga nan kilen kaɗai ya isa, ko a Sanam ne, ko a Tukunus, ko a rugar da ba ta da reso.

Yadda aikin yake

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mataki na farko, tun kafin a taɓa kile, shi ne a kwafi duk abin da ake so a ajiye zuwa wani faifai, sannan a buɗe kwafin a wata na'ura a tabbatar yana karantuwa. Wankin nan ba shi da kome, wanda ya yi shi ya yi ke nan. Ma'ajin da ya tuna da lissafin shekarar bara bayan aikin ya kai rabi, babu injiniyan da zai iya share masa hawaye.

Na biyu, a shirya kilen. Ana sauko da ShredOS daga ainihin shafin masu shi, a ɗora shi a kan kile da wata manhaja irin Rufus. Ɗorawar tana shafe duk abin da ke kan kilen, don haka a nemi wanda ba kome a cikinsa. Ya kamata a rubuta masa alama da jan fenti a kulle shi a durowa, domin makami ne: yaron da ya same shi ya soka a na'urar maigidansa yana iya hallaka aikin shekara biyar.

Na uku, a cire duk wani faifai na waje da katin ajiya da ke jikin na'urar, musamman wanda aka yi kwafin a kansa. Mafi yawan kukan da ake yi a wannan aiki daga nan yake fitowa, wato a wanke faifan da ba shi aka nufa ba.

Na huɗu, a soka kilen, a kunna na'urar, a yi ta danna maɓallin zaɓen wurin tashi. A na'urorin Dell da Lenovo galibi F12 ne, a na HP kuwa F9. Idan ta ƙi tashi daga kilen, mai yiwuwa sai an shiga saitin BIOS an kashe wani tsaro da ake kira Secure Boot.

Na biyar, manhajar za ta jera faifan da ta gani, kowanne da girmansa da lambar da masana'anta ta ba shi. A nan ake tsayawa a duba sau biyu, a rubuta lambar a takarda, sannan a zaɓi faifan da salon wankin, a ce ta tabbatar da aikinta a ƙarshe, wato ta koma ta karanta faifan ta ga cewa abin da ta rubuta shi ne a kai.

Na shida, haƙuri da wuta. Faifai mai giga 500 yakan ci kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu a zagaye ɗaya. Mai tera ɗaya ya ninka haka. Tabbatarwar ma tana cin kusan daidai da wannan lokaci. Inda wutar lantarki ke ɗaukewa, gara a shirya injin wuta ko batirin hasken rana, a kuma fara da sassafe kafin zafi ya yi ƙarfi, domin faifan da ke aiki ba tsayawa yana ɗumama ƙwarai. Idan wuta ta yanke a tsakiya, sashen da ba a kai ba yana nan da rubutunsa, dole a sake daga farko. Idan manhajar ta nuna kuskure a ƙarshe, faifan bai wanku ba. Hukuncinsa na faifan da ya mutu ne, wanda bayaninsa ke tafe. Idan ta gama lafiya, tana fitar da takardar shaida mai ɗauke da lambar faifan, salon wankin da lokacinsa, wadda ake iya bugawa a saka cikin dosiye.

Sau nawa za a wanke?

Mai buɗe manhajar zai ga salo iri-iri, har da wani mai zagaye 35. Wannan ya samo asali daga wata takarda da Peter Gutmann na ƙasar Niyu Zilan ya gabatar a 1996, a kan irin faifan wancan zamani. Shi da kansa daga baya ya bayyana cewa mutane sun mayar da lambar tamkar laya, alhali faifan zamani ba sa bukatar haka. Hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, cikin jagorarta mai lamba 800-88 da ta fara fitarwa a 2006, ta nuna cewa zagaye ɗaya ya isa ga faifan zamani mai juyawa. Lissafin a fili yake: zagaye 35 a kan faifai mai giga 500 ya haura kwana biyu cur injin wuta na shan mai, ba tare da ƙarin amfani ba. Zagaye ɗaya da aka tabbatar ya fi goma da aka katse a tsakiya.

Sabon faifai, sabuwar dabara

Duk abin da ya gabata a kan faifai mai juyawa ne, wanda ake jin ƙugin sa idan aka kara kunne. Amma yawancin na'urorin tafi-da-gidanka na yanzu suna ɗauke da wani iri da ake kira SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa, ɗan'uwan kile ne da katin salula. Shi wannan yana da wayo irin na manomin da ke hutar da gona: domin kada wani gurbi ya gaji kafin saura, yana sauya wurin rubutu a kai a kai, yana kuma ɓoye wasu gurabe na ajiya waɗanda manhaja ba ta ganinsu. Idan aka ce ya rubuta a shafi na 40, yana iya rubutawa a wani shafi daban, ya bar na 40 yadda yake. Masu bincike na jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun nuna a 2011 cewa rufe rubutu da rubutu ba abin dogaro ba ne a kan irin wannan faifai.

Maganinsa shi ne a umarci faifan da kansa ya wanke cikinsa, da umarnin da masana'anta ta dasa masa, wanda ake kira Secure Erase ko Sanitize. Na'urorin ofis da yawa na Dell, HP da Lenovo suna da wannan umarni a cikin BIOS. Idan babu, ana aika shi daga kilen da aka tayar da na'urar da shi. Mintuna kaɗan yake ɗauka. Saboda haka tambayar farko da ya kamata shugaban ofis ya yi wa mai gyara ita ce: wane irin faifai ne a ciki? Mai gyaran da bai iya amsa wannan ba, kada a ba shi aikin.

Rigakafi kuma ya fi magani. Idan tun ranar da aka sayi na'ura aka kulle faifanta da tsarin ɓoye rubutu, irin BitLocker ko VeraCrypt, to ko an sace ta a hanyar Filinge, ko an fasa ofis an ɗauke ta, ɓarawon ba zai ga kome ba sai shirme. A yankin da ma'aikata kan bar ofis cikin gaggawa, ba tare da samun awa biyu na wanki ba, wannan ne kaɗai kariyar da ke aiki tun kafin ranar ta zo.

Faifan da ya mutu

Na'urar da ta ƙi kunnuwa ba ta manta kome ba. Sau da yawa wani sashe ne daban ya ƙone, faifan lafiyarsa lau, mai saye zai cire shi ya saka a wata. Ko faifan ne ya daina juyawa, rubutun na kan farantansa. Wanda ba a iya wankewa, sai a lalata shi. A kwance shi, a fitar da farantan, a kai wa maƙeri ya huda su ya lanƙwasa a gaban mai alhakin, ba a bar masa a tafi ba. Farantan ƙananan faifai sau da yawa na gilashi ne, suna tarwatsewa, don haka a kare ido. Idan SSD ne, sai an farfasa ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin da ke jikin allonsa ɗaya bayan ɗaya. Maganaɗisu ba ya yi masa kome. Kada a jefa a wuta, hayaƙinsa guba ne. Kada a jefa a rijiya ko tafki inda mutane da dabbobi ke sha. Bayan an farfasa, masu sayen ƙarfe irin na kasuwar Katako ta Yamai na iya ɗauka ba da wata fargaba ba.

A tuna kuma cewa manyan injinan fotokofi na ofis da yawa suna da faifai a ciki, wanda ke riƙe hoton takardun da suka bi ta kansu. Gidan talabijin na CBS ya nuna haka a 2010 bayan ya sayi tsofaffi guda 4. Salula ma haka: kafin a sayar, a fita daga asusun Google da WhatsApp, a cire sim da katin ajiya, sannan a mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta.

Haƙƙin ɗan kasuwa da haƙƙin ma'aikaci

Ɗan kasuwan da ke sarin tsofaffin na'urori daga Kwatano, Lome, Legas ko Kano yana da riba biyu idan ya mallaki wannan kile. Ta farko, ya tsira daga abin da bai sani ba, domin faifan da ya zo daga nesa yana iya ɗauke da hotunan batsa, takardun damfara ko ƙwayar cuta, kuma ranar da jandarma ya buɗe shi a shagonsa, shi za a fara tambaya. Ta biyu, ya samu amincin masu sayarwa. Ma'aikacin da ya san cewa a gabansa za a wanke na'urarsa zai fi sakin jiki ya kawo ta, ya kuma turo abokansa. Wanda kuwa ya tarar da asirin wani a faifan da ya saya, ya sani cewa ƙarfe ya biya kuɗinsa. Asirin amana ce da ta faɗo hannunsa.

Ga ma'aikacin gwamnati, maganar tana da fuska biyu, kuma wajibi ne a rarrabe su. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane mai lamba 2017-28 a ranar 3 ga Mayu 2017, aka sake ta da doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022, aka kuma ɗora wa hukumar HAPDP sa ido a kai. Ruhin dokar shi ne duk wanda ya tattara bayanan jama'a, shi ke da alhakin tsare su kada su faɗa hannun da bai dace ba. Wannan alhaki ba ya sauka ranar da na'ura ta tsufa.

Fuska ta biyu ita ce, kilen da ke kare talaka yana iya zama mayafin ɓarawo. Rajistar haihuwa, lissafin lanho da kuɗin kasuwa, takardun filaye, jerin albashi, duk dukiyar ƙasa ce, ba ta mai riƙe da kujera ba. Ma'aikacin da aka sauya wa wurin aiki, ya wanke na'urar ofis daren da zai miƙa ragama, ya bar magajinsa da allo fari, ɓatar da sawu ya yi, kuma hukunci ya dace da shi. Abin da ke raba wankin amana da na ha'inci shi ne takarda: izinin shugaba a rubuce, shaidar cewa an kwafi abin da ya kamata an miƙa wa mai ajiyar takardu, sannan rahoton wankin mai ɗauke da lambar faifai, kwanan wata da sa hannun mutum biyu. Kamar yadda ba a sayar da motar gwamnati sai kwamiti ya zauna ya rubuta, haka bai kamata na'ura ta fita ƙofar ofis ba sai da wannan rahoto a liƙe da takardar gwanjonta. Ƙungiyoyin agaji ma ya dace su saka wankin faifai cikin lissafin rufe furoje, kusa da kuɗin sallamar ma'aikata, tun ranar da ake rubuta kasafin.

Abin da aikin ke ci bai taka kara ya karya ba: kile ɗaya, lita kaɗan ta mai, da yinin ma'aikaci ɗaya da aka koya wa. Gunduma guda tana iya wadatuwa da mutum biyu da suka iya, suna zagaya ofisoshi duk lokacin da za a fitar da kaya. Matar da ta baro Anderambukan da goyo ta faɗi sunanta domin ta samu buhun gero. Makiyayin Kurfai ya faɗi yawan shanunsa domin a yi musu allura. Babu ɗayansu da ya san mene ne diski dur, kuma babu wanda zai zo ya tambayi inda aka kai shi. Wanda ya rubuta sunayensu shi ya sani, kuma a wuyansa abin yake har ranar da ya wanke faifan ko ya ga maƙeri ya huda shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.